Tsokar da ke ƙarƙashin allon kafaɗata

Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Auta da jaririyar da kika tafi taya ta reno. Ki shafa mini kanta. Mu nan lafiya lau, sai dai kafaɗar nan tawa ta dama.

Kin san ni ba mai raki ba ne. Amma yanzu hannun ba ya zuwa baya, ko riga sai da dabara nake sa ta. Ɗanki Dogo ya matsa sai da ya kai ni wurin wani likitan ƙashi, sa'ansa ne, kuma na lura gaisuwarsu ba ta baƙi ba ce. Na nuna masa bayana inda ke ciwo, sai ya kwantar da ni, ya ɗaga hannun, ya cusa yatsunsa cikin hammatata. Saura kaɗan in kai masa duka. Wai akwai wata tsoka shimfiɗe ƙarƙashin allon kafaɗa, tsakaninsa da haƙarƙari, ita ke juya hannu ciki idan na danna magogi ina gyara fuskar katako, kuma jijiyarta ce ta fara yagewa. Wai ƙashi ya rufe ta ta baya, ba a isa gare ta sai ta hammata. Daga nan ya ce in ajiye magogi da zarto sai ya ba ni izini.

Ki duba fa. Tsokar da ba wanda ya taɓa gani, maganinta kuma shi ne in bar shagon kafintar da na tayar da gudumar aro, daidai lokacin da mai otal ya ba ni aikin babban tebur. Wa zai ci ribar zamana? Dogo dai sai kallon silin yake yi.

Ki gaishe mini da surukinmu.

Mijinki.

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya barcin jaririyar? Saƙonki ya iso, na ji kin ce in bi maganar likita. Na yi mamakin saurin da labari ya riske ki kafin takardata.

Ni ban yi dogon karatu ba, amma ba a sayar mini da katako ban juya shi ba. Na je wurin mahaucinmu na ce ya ba ni kafaɗar rago sukutum, kada ya sara. Yana ta dariya, wai ko da tsufana zan koma karatun likita. Na ce ya yi aikinsa kawai. Da ya kifa ta, wallahi ga abin nan. Cikin allon yana da ɗan zurfi kamar faranti, jan nama ya cika shi taf, ya tsuke ya zama farar jijiya mai ƙarfi ta kama kan ƙashin hannu, ga ƙananan jijiyoyi suna ratsawa ta gefen hammata. To, yaron likitan nan bai yi ƙarya a kan rago ba.

Amma samunta a jikin rago ba shaida ba ce cewa tawa ta yage. Don haka na shiga shago na ɗauki babban magogina. Turi na farko, sai na ji kamar an kafa mini ƙusa mai zafi daga hammata har baya. Hannun ya saki, magogi ya faɗi ƙasa. Na daɗe a zaune kan benci.

Na bar wa Dogo teburin. Makulli dai yana wurina, ni ke buɗewa, ni ke rufewa.

Naki har kullum.

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan. Kafaɗa da sauƙi. Ina jan robar motsa hannu da likita ya ba ni, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Jiya Dogo ya gama teburin. Na jira ya fita, na bi teburin da tafin hannun hagu daga wannan kai zuwa wancan, ina neman tudu ko kwari. Na durƙusa na leƙa ƙasansa. Na girgiza ƙafafun. Ban sami komai ba. Har yadda nake kashe kaifin kusurwa don kada ta ja rigar mutum, haka ya yi.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ban taɓa barin yaron nan ya riƙe babban magogi ba, yankan katako da buga ƙusa kawai na ba shi. Wannan hannu kuwa ba a samunsa a wata ɗaya, ko a shekara ɗaya. Ashe duk ranar da na tafi sayo katako, wani yana buɗe masa shagona. Makulli na biyu kuwa a ɗakinki yake kwana.

Mai otal ya zo, ya shafa, ya ce hannuna bai tsufa ba. Dogo yana tsaye a gefe. Sai na ji bakina yana cewa aikin ɗana ne.

Gobe zan miƙa masa makullina. Amma ke, kafin ki dawo, ki rubuto ki faɗa mini gaskiya: tun yaushe?

Mijinki da ke jiran amsa.