Na ce "shi", alhali "ita" nake nufi

Salama alaikum, ina gaida mai wannan shafi da masu karatu. Da wayar yayata nake rubutu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, na riga na zagi kaina.

Ina aji uku a wata ƙaramar sakandare a Jalingo, wajen Mayo Gwoi. Ni ba mai magana ba ce, rubutu na iya, shi ya sa aka ba ni monita, aka kuma sa ni wakiliyar ɗalibai a kwamitin da ke ba makaranta shawara, inda iyaye da mai unguwa da liman da fasto suke zama da firinsifal. Ina da littafin da nake rubuta duk malamin da ya shigo ajinmu, da ranar, da darasin. Ba wanda ya sa ni.

Zangon da ya wuce muka faɗi lissafi warwas, sai kwamiti ya zauna. Malamai biyu ke raba darasin, wata madam da wani da zan kira Malam Bitrus. Sau huɗu kacal madam ta shiga ajinmu, yana rubuce. Malam Bitrus ne yake haɗa nasa da nata, har ranar Asabar. Amma madam ce wakiliyar malamai a kwamitin, tana zaune dab da ni, ina jin ƙamshin turarenta. Da shugaban kwamiti, wani dattijo, ya tambaye ni wa ke ƙin zuwa cikin malaman lissafi, sai na tsorata. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, shi ba ya zuwa."

Kun san Hausarmu ta nan. A gidanmu "shi" ake ce wa kowa, har mamana. A takarda ba na wannan kuskure, amma in na tsorata Hausar gida ke fitowa. Allah ya sani ita nake nufi. Dattijon ya ce ai namiji ɗaya ne, Bitrus ke nan? A nan laifina yake. Na gane a take, littafin kuma yana cikin jaka a kan cinyata. Madam ta dafa kafaɗata ta ce yarinyar kirki ce, ba ta ƙarya. Ni kuwa na gyaɗa kai.

Kwamiti ya ba da shawarar a ɗauke shi, takarda ta wuce ofishin ilimi, ƙarshen wata zai koma wani ƙauye mai nisa, alhali matarsa da yara suna nan Abbare. Jiya ya tsayar da ni a ƙofar aji, ba faɗa ba ɗaga murya, ya ce, "Wace rana ce ban zo ba, 'yata? Ai ke ce mai rubutawa." Na tsaya ina kallon takalmina har ya wuce.

Na gaya wa mamana, ta ce in kama bakina, madam ce ke cike makin gwajin da ake haɗawa da jarrabawar fita. Kwamiti ba zai sake zama ba sai zango mai zuwa, lokacin kuwa Malam Bitrus ya riga ya tafi. Ko na kai littafin wa zai yarda? Ba za su ce jiya na zauna na cike shi ba? In ce kuskuren Hausa ne? To gyaɗa kan fa, shi ma Hausa ne?

Saura mako biyu, kuma har yanzu yana zuwa ranar Asabar. Me zan yi?