Zanenki a Jikin Gwaggo Hajo

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa. Ba zan tambayi lafiyarki ba, don inda kike ba a kai takarda, kuma ko kina raye ba karatu kinka iya ba. Amma maganar nan ta daɗe a maƙogwarona, yau sai ta fita.

Fushi nake da ke, Inna. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wa zai saurari mai fushi da mamaci?

Kin san ƙafafunki sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Kin ji ungozoma ta ce ki zauna gida. Amma da anka yi shela cewa gwamnatin soja na son mutum guda daga kowane gida a gonar shinkafa, Baba kuma yana Gaya da albasa, sai kinka ɗaure ciki da zane kinka tashi. Me za su yi miki in kin ƙi? Ɗaure mace mai tsohon ciki za su yi? Tsoron jandarma ya fi miki ni? Na riƙe ki a bakin ƙofa, kinka ɓamɓare yatsuna, kinka ce in ɗora wake, yanzu za ki dawo.

Daga baya na ji a cikin ruwan gonar kinka faɗi, anka sa ki a motar kaya zuwa Kandi. A ranar ba wanda ya gaya mini komai. Kawu ya aza ni bisa keke ya kai ni ƙauyen Garu, wai in taya matarsa tsinkar albasa. Da anka maido ni, na tarar da jinjiri a ɗakinki, da Gwaggo Hajo, yayar Baba, bisa tabarmarki. Ta ce kina Kandi ana miki allurai. Baba ya ce haka ne, idonsa a ƙasa. Duk unguwa ta haɗa baki a kan yarinya 'yar shekara takwas.

Kin san abin da na riƙa yi? In an tashi lakwal, makarantarmu ta boko, sai in tsaya bakin titi, duk motar da ta fito daga wajen Gene, hanyar Kandi, in bi ta da gudu ina leƙen fuskokin mata. Haƙorina ya fita, na ƙulle shi a tsumma don in nuna miki. Kina kallona kuwa? Ko a mafarki ba ki iya zuwa ki ce mini in koma gida ba?

Ranar kasuwa na gane. Na hango shuɗin zanenki cikin mutane, mai 'yar ƙunar nan a gefe, ta ranar da kike tuyar masa. Na sheƙa ina kiran Inna, Inna. Da matar ta juyo, Gwaggo ce. Na kama zanen ina ja, ina ce mata ɓarauniya, ta tuɓe kafin ki dawo. Ta ɗauke ni da mari. Wani mai goro, baƙo daga Kamba wanda ko sunana bai sani ba, ya ce ta ƙyale ni, ai marainiya sai haƙuri. A bakin baƙo na ji mutuwarki, Inna, tsakiyar kasuwa, mutane na cinikinsu.

Ko kukan ma sun hana ni. Sunka ce hawayena ruwan zafi ne, bisa jikinki yake zuba. To ki sani, da na ji haka na zagaya bayan rumbu na yi kuka da gangan har muryata ta dushe. So nake ya ƙona ki, ki san ina nan. Har yau ban yi nadama ba.

Sunka fidda ni lakwal don in goya jinjirin. Talle ake ce mishi. Ƙawayena na wucewa da allo, ni ina jijjiga yaron da ban haifa ba, ina ɗura mishi kunu da nonon akuya. Ƙuruciyata a bayana ta ƙare, kuma ke kinka ɗora mini.

Labarin gida kuwa, Baba ya bar fatauci, idonsa ya yi rauni, har yanzu ba ya iya ambaton sunanki. Gwaggo ta rasu bara. Kafin ta cika ta riƙe hannuna ta nemi gafara, na yafe mata. Ita dai ta nema.

Talle ya zama saurayi, yana tuƙa jirgi a kogi. Wushiryarki ce a bakinsa, in ya yi dariya sai in kau da kai. Ina son yaron nan fiye da raina. Shekaranjiya muna zaune yana gyaran taru, ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko kin gan shi kafin ki tafi, ko kin taɓa shi ko sau ɗaya. Na tambayi Baba, ya ce shi bai iso ba sai da anka rufe ki. Matan da sunka raka ki duk sun bi ki lahira. Me zan ce wa yaron nan? Ke kaɗai kinka sani.

Kowace salla ina roƙon Allah Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki, kuma da zuciya ɗaya nake roƙo. Tawa gafarar ce ba ta nuna ba tukuna. Ki jira, kamar kowa.

Sai mun iso.

Ɗiyarki da kinka bari a bakin ƙofa,
Dije