Zaren Awon Saffana

Sanyuanli, Guangzhou
18 ga Nuwamba, 2007

Zuwa ga uwargidana Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yata Saffana da Hajiyarku. Yaya ƙafar Hajiya, kumburin ya sauka? Ni ma lafiya lau nake, sai ɗaurin kayan 'yan kasuwa da ba ya ƙarewa.

Na ɗauki biro ne saboda shekaranjiya katin waya ya ƙare kina tsakiyar yi mini faɗa, ban samu na ce uffan ba. A takarda dai ba za ki katse ni ba. Ban sayi gida a Chaina ba, kuma ba a damfare ni ba. Abin da na saya mako ɗaya ne a kowace shekara, har shekara ashirin, a wani ɗaki na masaukin baƙi da ke jikin babban filin wasan yara a unguwar Panyu, nan Guangzhou. Mu wajen hamsin ne masu ɗakin, kowa da makonsa. Nawa shi ne makon farko na Satumba, na zaɓe shi ne don lokacin makaranta tana hutu.

Idan laifi kike nema, ki ɗora wa Abdoulaziz ɗan Maraɗi, wanda muke shago ɗaya. Shi ya ji ana ba da abinci kyauta ga duk wanda ya zauna ya saurari bayanin masu tallan ɗakunan, ya ja ni muka je. Ya cinye shinkafarsa da kifi ya goge baki, ni kuma aka bar ni da biro a hannu. Amma ki ji amfanin abin kafin ki yanke mini hukunci. Ɗaki ne ciki da falo, da wurin girki, tsaf kamar ba a taɓa taka shi ba. Shiga filin wasa kyauta ne ga mutum huɗu har mako ya ƙare. Ba neman masauki, ba ciniki, sai dai ku sauko daga jirgi a miƙa muku mukulli. Akwai ɗan kuɗin gyara da ake biya duk shekara, wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Kin san dalilin na gaskiya. Makon da na yi a gida da ƙaramar Sallah, Saffana ta tsinci takardar tallan wurin a jakata, ta ga ƙananan kwale-kwalen nan masu siffar agwagwa da yara ke tuƙawa, ta liƙa hoton a bangon ɗakinku da tuwo. Na ce mata za ta hau, kuma a gabanki na faɗa.

Abu ɗaya ne sai mun kula. Mutanen nan ba sa tambayar shekarun yaro, tsawonsa suke aunawa. A bakin wurin agwagin akwai sanda mai jan layi, duk yaron da kansa ya wuce layin ba ya shiga, ko ɗan wa ne. Na yanko zare daidai tsawon layin, ga shi cikin ambulan. Ki tsayar da ita jikin bango ki auna, ki gaya mini abin da ya rage.

Kuma don girman Allah, kada ki gaya wa Hajiya na sayi wani abu a Chaina.

Naki har kullum,
Alhasan

Sanyuanli
10 ga Satumba, 2008

Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, yaya ibada? A gaishe da Saffana, a ce na ji ta kai azumi har azahar, Allah ya yi mata albarka.

Raina a ɓace yake, kuma zan faɗa miki komai dalla-dalla don ki san rabonki a ciki.

Maganar biza ba laifin kowa ba ne. Saboda wasannin Olamfik an tsuke ƙofa, har mu da muke ciki kullum sai an tare mu a titi a duba fasfo. Sau biyu kuna zuwa Abuja ke da yarinya, kuna dawowa hannu rabbana. Na haƙura. Sai na duba kalanda na ga makona ya faɗo daidai da farkon azumi. Lokacin da nake sa hannu, ni da nake ganin na fi kowa wayo, watan Bature kawai na duba, ban tuna namu yana matsowa ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai kin maimaita mini ba.

Amma Kawu Tankari fa? A duk faɗin Kano, ƙanin mahaifiyarki ne kaɗai ya iya samun biza a bana, saboda wata masana'antar jakunkuna a garin Shiling ta aika masa takardar gayyata. Ya sauka da abokan kasuwarsa biyu, ko masauki bai nema ba, tunda an gaya masa surukinsa yana da gida a Chaina. Wa ya gaya masa, Firdausi? Kin ce ke Hajiya kaɗai kika faɗa wa. Ai shi ke nan, kin faɗa wa gidan rediyo.

Ya zan yi da babban mutum da ya zo da jakarsa? Na kwashe su zuwa Panyu. Na yi masa bayani mako ɗaya ne, ya yi dariya ya ce na cika tawali'u. Kwana bakwai muka yi, maza huɗu masu azumi, tagarmu tana kallon inda yara ke lasar askirim tun safe. Jirgin nan mai juya mutane a sama yana wucewa kusa da mu, duk bayan minti biyu sai ihu ya tashi kamar ana yanka. Kawu yana tsaka da sallar la'asar ya sallame, wai ya ɗauka gobara ce. Gobarar kuwa shi ya kusa tayar da ita, da ya ce shi ba zai sha ruwa da abincin da bai san asalinsa ba, ya hau soya albasa da yaji har ƙararrawar hayaƙi ta tara mana ma'aikata. Shiga filin da nake ta taƙama kyauta ne, ba wanda ya leƙa sai ni. Na je na tsaya bakin agwagin da bakina a bushe, ina kallon 'ya'yan mutane.

Ranar fita ce ban san da bakin da zan ba ki labari ba. Ƙarfe goma na safe masu mako na gaba suka iso, wani ɗan Chaina da matarsa da tsohuwarsa da akwatuna. Kawu yana kishingiɗe a falo da carbi, ya shanya wandonsa a baranda. Ya ce shi bai ga dalilin da za a tashe shi a gidan ɗansa saboda baƙi ba, ai gidan yana da faɗi, su shigo a zauna tare. Ma'aikacin wurin yana ta kirana lawban, wato maigida, yana nuna mini agogo. Wane irin maigida ne ake nuna wa agogo a gidansa? Da ƙyar na lallaɓa Kawu ya fito, muka koma Sanyuanli yana fushi da ni. Na san kafin takardar nan ta iso ki, labari ya zaga dangi cewa na kori kawunki da azumi a bakinsa.

Kin ce da kika auna bara saura yatsa huɗu, bana saura biyu. Me kike ba yarinyar nan ne?

A gaishe da Hajiya, duk da haka.

Alhasan

Sanyuanli
16 ga Agusta, 2009

Maman Saffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, yaya damina? Na ji rufin ɗakin baya yana yoyo, na sa a turo mai gyara.

Na samu saƙonki cewa ba za ki ɗauko yarinya ki kawo ta ƙasar mutane cikin azumi ba, ko da an ba da bizar. Ban ji daɗi ba, amma gaskiyarki ce. Bana ma makon nawa tsakiyar azumi ya faɗo, kuma na zauna da kalanda na lissafa, baɗi ma haka. Shekara uku a jere, Firdausi. Ko da gangan na zaɓa, ban isa in dace haka ba.

Na je ofishinsu in canza mako, tunda ranar da suke neman sa hannuna sun ce canji ba wuya. Yarinyar da ta sayar mini ta bar aiki. Wadda na tarar ta danna kwamfuta ta ce meyo, wato babu. Disamba meyo, Afrilu meyo, duk lokacin da makarantarku ke hutu meyo. Na ce to su saya su ba ni ko rabi, nan ma meyo. Takardar kuɗin gyara ce kaɗai ba ta taɓa yin meyo ba, tana zuwa a kan lokaci, kuma ta ƙaru. Abdoulaziz, wanda ya ja ni cikin wannan masifa, wai shawarar da zai ba ni ita ce in zuba katan-katan ɗin takalma a ɗakin, ko ba komai an samu sito na mako ɗaya. Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Kin tambaye ni me ya hana ni ni in zo. Na sha gaya miki, wanda ya fita yanzu ba shi da tabbacin za a bar shi ya dawo. Mutum uku na sani da suka je gida Sallah, har yau shagunansu a rufe. Ki ƙara haƙuri, abin zai sassauta.

Yanzu maganar awo. Kin ce saura yatsa ɗaya. Ina roƙonki ki sake aunawa, ba takalmi, ba ɗankwali, kuma ba ranar da aka yi mata sabon kitso ba. Ki danne gashin da tafin hannu. Na lura mai tsaron wurin na ranar Talata dattijo ne, ba ya matsawa sosai. Idan ta ɗan rage wuya, za ta wuce.

Me ya sa da na kira ranar Juma'a ta gaishe ni kamar malamin makarantarsu, ta miƙa miki wayar? Ko wani abu kika ce mata?

Mijinki,
Alhasan

Panyu
5 ga Satumba, 2010

Firdausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Saffana da Hajiya kuna lafiya, Allah ya karɓi ibadarmu a waɗannan kwanaki na ƙarshe.

Daga ɗakin nake rubuto miki. Ni kaɗai ne, na zo ne don haushin a ce na biya gyara wani bai kwana ba. Jirgin ihu yana nan yana aikinsa.

Ambulan ɗinki ya iso hannun Abdoulaziz ranar Alhamis, ya kawo mini har nan. Na buɗe ina neman wasiƙa, sai zarena ya faɗo, ya yi baƙi don shan hannu. A ƙarshensa an ƙulla wani jan zare na saƙa, tsawon yatsa uku. Na ɗauka tsinkewa ya yi aka gyara, sai da na karanta 'yan layukanki na gane. Kin ce ita ta ƙulla da kanta, ta ce a kai wa Baba, tunda shi awo yake tambaya kullum, ya san inda ta kai. Kin ce hoton agwagin ma tun bara ta cire shi ta ba 'yar maƙwabta, ta hana ki faɗa mini don kada in ji kunya.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Baɗi ne fa makon zai fita daga azumi, ya faɗo daidai bikin Sallah, shekarar da na yi ta jira. Na sa zaren a aljihu na tafi wurin sandar, wai ko kuskure kuka yi. Dattijon nan na Talata, ran nan ma shi ke tsaro, yana kallona na durƙusa na kafa zaren a ƙasa na miƙe da shi. Jan ya wuce jan layinsu sarai. Sai na riƙe shi a jikina, ya kawo mini ƙirji. Firdausi, yarinyar da na bari iyakarta cikina. Na daɗe a tsaye a wurin, har dattijon ya turo mini kujerarsa.

Layinki na ƙarshe ya fi komai yi mini zafi, da kika ce su masu ɗakin Panyu sun fi ku sa'a, ko ba komai suna ganina mako ɗaya a shekara. Shekara uku ina faɗa da ofis, da kalanda, da kawunki, a kan in kawo ta ta ga agwagwar roba, ni ban je na gan ta ba.

Na sayi tikiti. Zan taso ranar Laraba, in Allah ya yarda da ni za a yi Sallah. Shago na bar wa Abdoulaziz, idan an bar ni na dawo to, idan ba a bar ni ba, sai mu ga abin da Allah zai yi. Sauran shekara goma sha bakwai na ɗakin kuwa, ki gaya wa Kawu Tankari na ba shi kyauta, ya zo ya yi ta fama da masu agogo. Zan je in gaishe shi in ba shi haƙuri da bakina.

Kada ki sake auna ta. Ki bar mini wannan, ina tafe da zaren.

Mijinki mai kewarku,
Alhasan