Lemon Dubiya da Ƙafar Malam Sule

Zuwa ga Shugaban asibitin da mijina ya kwanta, a nan cikin garin Bauchi.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara, ɗinki nake yi a Fadaman Mada. Ban ambaci sunan asibitinku ba don ba tozarta kowa na zo yi ba. Mijina Malam Sule direba ne, ko in ce a da. Ya shigo wurinku bayan Babbar Sallar bara da ƙafa biyu, ya fita da ɗaya. Saboda wadda ta rage nake wannan rubutu, kuma abu uku zan faɗa maka.

Na farko, ranar da aka gano ciwon. Malam Sule ɗan Zungur ne, da tuwon dawa da miyar zogale ya girma. Da ya sami tuƙi a gari sai shayi mai kauri da burodi da safe, shinkafa da soye-soye da rana, lemon kwalba a kowace tasha. Tumbi ya fito, 'yan'uwa na tsokanarsa wai hutu ya kama shi, ni kuma ana yaba mini wai na iya kiwon miji. Gwiwoyinsa suka fara ciwo, muka ce sanyi ne. Da likitanku ya ce ciwon sukari ne da hawan jini, abin da ya ƙara kawai shi ne a rage zaƙi, ya rubuta magani, ya kira na gaba. Muka daina sa sukari a koko, muka ɗauka mun gama.

Na biyu, dubiya. Ka san mutanenmu, ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana. Da gyambon ɗan yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa kuka ba shi gado, kowa ya zo da baƙin lemon nan na kwalba da madarar gwangwani, wai in an haɗa ƙarin jini ne. A shagon da ke bakin ɗakin marasa lafiyarku ake saye. Shi kuwa mutum ne mai kara, ba ya iya barin abin da aka kawo masa, a gaban mai shi zai shanye don ya faranta masa. Gwaggonsa har riƙe masa kofin take yi tana cewa ya daure ya sha, jikinsa ba jini. Kwalaben na jere a ƙarƙashin gadonsa, ma'aikata na wucewa safe da yamma, babu wanda ya ce mana uffan. Da ƙauna muka yi ta cutar da shi, a gaban idon waɗanda suka sani.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo. Sai ranar sallama, bayan an yanke ƙafar, aka tura ni wani ɗan ofis a can bayan gini, wurin mai ba da shawara kan abinci. Ashe kuna da ita. Matar nan ta zaunar da ni ta ce yawan zaƙi da farar fulawa da man da ake ta maimaita suya da shi suna hura wani kumburi a cikin jiki wanda ido ba ya gani, yana cin jijiyoyin jini a hankali kamar garwashi a ƙarƙashin toka, har ciwo ya kasa warkewa. Ta ce a riƙe magani, a koma wake, zogale, rama, kuɓewa, kifi, da hatsin da ba a surfe ba, daidai gwargwado. Ranka ya daɗe, kuka na fashe da shi. Abin da mahaifiyarsa ke aiko mana daga Zungur ke nan duk kaka, muna rabar wa maƙwabta wai abincin ƙauye ne.

Na san abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, kuma na san yawan marasa lafiya ya fi ƙarfin likitocinku. Amma ina roƙo: duk wanda aka gano yana da ciwon nan, a tura shi wurin matar nan tun ranar farko, tare da mai dafa masa abinci. A riƙa faɗa wa masu dubiya da Hausa, tun daga ƙofa, abin da bai kamata su shigo da shi ba. Bakinku ya fi nawa nauyi. Makon jiya na tare ledar lemon da gwaggonsa ta kawo a zaure, ta tafi tana cewa na raina ta, har yau ba ta amsa gaisuwata.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka lafiyar da kake nema wa mutane. Ni dai kullum da safe nakan duba tafin ƙafarsa ta dama yatsa bayan yatsa. Takalminsa na hagu yana nan a bakin ƙofa, na kasa ɗauke shi. Kada ku bari na daman ma ya zauna kusa da shi.

Wassalam.

Hajara, matar Malam Sule,
Fadaman Mada, Bauchi.