Lambar Gregory Ba Ta Bi Shi Ba

Greensboro, Mayu 2006

Zuwa ga Maman Tchima,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Tchima da duk mutanen Dogondutsi. Ya ƙarin haƙuri? Ni ne Seydou, wanda mijinki Gregory ya yi zaman ɗaki ɗaya da shi a nan Amurka.

An binne shi ranar Asabar, bayan addu'a a cocinsu ta Katolika. Mu Musulmin Nijar mun fi 'yan cocin yawa a wurin, kuma haka ya kamata. Mutumin da ke dawowa daga aiki a gajiye ya dama mini kunun buɗe-baki, yana tsokanata wai abin da muka ƙi ci da rana da dare muke ramawa, ba za mu bar shi a hannun baƙi ba.

Akwai abin da zai sanyaya miki rai. Da masu shirya gawa suka nemi tufafin da za a sa masa, na kai baƙar kwat ɗinsa da ke rataye ita kaɗai cikin leda. A ƙirjinta na tarar da lambar girman nan tasa mai gicciye, wadda wani tsohon Fada Bature ya bar masa. Ya sha gaya mini cewa Coci ce ta ba mahaifin Fadan, don hidimar da ya yi wa wani ɗakin ziyara na Maryamu a Italiya, kuma an daina ba da irinta. Na ce a raina lallai mantawa ya yi da ita tun bikin Ista. Na cire ta, da agogonsa da zobensa. Baturiyar wurin ta tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, na ce mata mu ba ma binne hakkin marayu. Suna nan a ajiye, sai an sami mai zuwa gida.

Naki,
Seydou

Greensboro, Yuli 2006

Maman Tchima,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Wasiƙarki ta iso, kuma tun ranar ban ji daɗin abinci ba.

Wallahi ban sani ba. Ban san ya yi miki wasiyya a waya cewa, tunda rashin takardu ya hana shi zuwa ɗakin ziyarar nan da ƙafarsa, a bar lambar ta raka shi kabari ba. Ashe da hannunsa ya maƙala ta, ya ware kwat ɗin, lokacin da ciwon zuciya ya fara matsa masa. Ya shirya tafiyarsa tsaf, ni kuma sarkin iyawa na zo na warware. Mu da likkafani kaɗai muke tafiya, ko zare ba a ƙara mana, sai na auna shi da mudunmu. Shekarun da muka yi tare na ɗauka na san shi ciki da waje. Ko da Baturiyar nan ta sake tambayata, haushinta na ji.

Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma kika ce in riƙe agogon, kika kuma yi mini godiya.

Na je wurin Fadansu na nan. Ya ce Allah ba ya duba ƙirjin riga, in kwantar da hankalina. Gaskiya ya faɗa, to amma ba Allah na yi wa laifi ba, abokina na yi wa. Masu maƙabarta kuma suka ce tono kabari sai da izinin hukuma da sa hannunki. Kin riga kin ce kada a tashe shi, ni ma ba zan so ba.

Ki gaida Tchima.
Seydou

Greensboro, Satumba 2006

Maman Tchima,

Da fatan kuna lafiya, damina kuma ta yi albarka. Na yi yadda kika ce.

Bayan sallar Juma'a na tafi maƙabartar, can hanyar Pleasant Garden. Na yanke ciyawa da wuƙa daidai inda nake zaton ƙirjinsa yake, na tona iya tsawon hannuna, na naɗe lambar a farin ƙyalle na sa, na mayar da ciyawar. Ban san addu'arku ba, sai na tsaya na ba shi haƙuri da Hausa kamar yana jina.

Kin rubuta cewa in na yi haka, ta isa gare shi. Na gode da wannan magana, sai dai ni na ga yadda ake binne mutum a ƙasar nan. Akwatin katako ne a cikin akwatin kankare, sannan ƙasa mai zurfi. Lambar tana sama, shi yana ƙasa, kuma ni na shiga tsakaninsu.

Ki yafe mini, tunda shi ba zan ji ta bakinsa ba.

Naki cikin nadama,
Seydou