Maki Talatin da Takwas

Alƙahira, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggona Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki? Kina shan maganin kuwa, ko kin sake ɓoye shi a ƙarƙashin katifa? Yaya Inna da sauran mutanen gida? Mu nan lafiya lau. Maigidana Harun yana ta fama da karatunsa, ya ce in gaishe ki da kyau.

Ga wasiƙar hannu kamar yadda kika yi umarni, tunda kin ce saƙon murya iska ne. Na rubuta, na ɗauki hotonta na turo, sai ki nemo tabarau.

Kin ce har yau ba ki gane aikin da nake yi ba, kuma duk wanda ya tambaye ki sai ki ce masa ina ƙirga 'ya'yan Larabawa. To bari in warware miki. Ofishinmu yana Zamalek, unguwar ofisoshin jakadanci, kuma muna taimaka wa kotu ne a shari'o'in da suka shafi kula da yara. In aka yi zargin ba a kula da yaro a gidansu, sai a tura ma'aikaciyarmu ta je ta duba, ta cike wani fam mai tambayoyi arba'in: lafiyar yaron, abincinsa, makarantarsa, wurin kwanansa, da kusancinsa da uwarsa. Ni ba na zuwa ko'ina. Amsoshin ake kawo mini, in zuba su a kwamfuta, in fitar da maki bisa ɗari, in rubuta wa alƙali bayani. Wanda ya gaza hamsin, shawararmu ita ce kada a mayar da shi gida tukuna. Ina son aikin nan, Gwaggo, don lamba ba ta san ɗan mai kuɗi ba, ba ta san ɗan talaka ba.

Amma wani lokacin yana ɓata mini rai. A makon nan na yi aikin wata yarinya 'yar shekara shida mai suna Tasneem. 'Yan Sudan ne da suka gudo wa yaƙi, uban ya rasu, uwar tana zaune a wata unguwa da ake kira Ard al-Liwa tana haɗa turaren wuta tana sayarwa. Yarinyar ta faɗa kan kaskon garwashi ta ƙone a hannu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wannan ban ga laifin kowa ba. Abin da ya sa asibiti suka kai rahoto shi ne halin uwar. Ta kawo yarinyar, ta miƙa ta, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Ana wanke ƙunar, yarinya tana ihu, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Dalia, ma'aikaciyar da ta cike fam ɗin, ta rubuta cewa a awa biyu da suka yi tare matar ba ta ambaci sunan 'yarta ko sau ɗaya ba, ba ta dube ta ba, ba ta taɓa ta ba. Sashen kusanci shi ya fi kowane nauyi, maki arba'in ne, kuma babu ko ɗaya da ta samu. Jimla ta tashi talatin da takwas.

An kai yarinyar gidan renon yara kafin a zauna kotu ranar biyar ga watan gobe. Na rubuta cewa a bar ta can, kuma wallahi ko ɗar ban ji ba. Mu da muke shekara ta huɗu muna roƙon Allah haihuwa, ga wata an ba ta tana wulaƙantawa. Na san za ki ce ina da saurin yanke hukunci, amma wannan karon ba ni na yanke ba, lissafi ne.

Ki gaida Inna da su Aminat. Kukar da kika aiko ta kusa ƙarewa, na dai faɗa ne kawai.

Taki har kullum,
Rakiya


Alƙahira, 27 ga Oktoba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi miki ya jiki. Na ji daɗi da Aminat ta ce kin fara taka ƙafar har zuwa zaure. Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiyarmu ƙalau, sai dai zuciyata ba daɗi, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Na yi ɓarna, Gwaggo. Kin tuna yarinyar nan Tasneem?

Shugabanmu, Ustaz Alaa, ya sa ni in haɗa rahoton shekara, in rarraba yaran bisa harshen da ake yi a gidajensu. Da na jera su sai na ga wani abin mamaki. A cikin yara goma sha ɗaya da suka fi kowa faɗuwa a sashen kusanci, bakwai Hausa ko Fulatanci ake yi a gidansu. Na sake dubawa, sai na ga duk bakwai ɗin 'ya'yan fari ne. Uku daga cikinsu an auna ƙannensu a rana ɗaya, uwa ɗaya, ɗaki ɗaya, kuma ƙannen sun ci maki sama da talatin. Tasneem tana cikin bakwai ɗin. Uwarta, Mawada, Bahaushiyar Sudan ce. Ni da na ga an rubuta 'yar Sudan da sunan Larabci, ban ko leƙa layin harshe ba.

Na daɗe zaune ina kallon allon kwamfuta, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunyar ɗan fari ce fa, Gwaggo. Dalia Bamisiriya ce, a wurinsu uwa tana rungume ɗanta a tsakiyar titi tana sumbatarsa, ba ta da laifi in ba ta sani ba. Amma ni fa? Ni 'yar fari da aka miƙa miki tun daga yaye, ni da har na yi aure ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, sai dai "yarinyar Kulu"? Shekara guda ina karanta tambayar nan, ko uwa tana kiran ɗanta da sunansa, ban taɓa tsayawa na ce da Innata aka yi wa ita sifili za ta ci ba.

Ranar Alhamis na roƙi Dalia ta kai ni wurin matar. Ard al-Liwa cunkoso ne, lunguna matsattsu, keke-napep yana goga maka kafaɗa. Ɗaki ɗaya ne a hawa na biyar, ita da surukarta tsohuwa da ɗan ƙaramin ɗanta na goye. Da na yi sallama na gaishe su da Hausa sai tsohuwar ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Hausarsu ta sha Larabci, amma muna jin juna sarai. Mawada tana ta yi wa na goyen wasa, tana kiran sunansa. Ta tambaye ni Kano, ta tambaye ni mijina, ta ba mu shayi. Sai da muka miƙe za mu tafi ta tambaya, idonta a ƙasa, ko mutanen gidan can suna da barguna, don sanyi ya kusa. Ta ɗauko ƙullin gyaɗa da dabino ta ce a kai wa yaran gidan. Na karɓa na sauko, ban kai hawa na uku ba hawaye suka zubo mini.

Dalia ma jikinta ya yi sanyi. Shawararta ita ce mu koya wa matar abin da za ta yi a kotu: ta rungume yarinyar, ta yi kuka, ta kira sunanta, khalas, wato shi ke nan, a wuce wurin. Na koma na gaya wa Mawada. Ta ce za ta gwada, amma a gaban surukarta da maza baƙi ba ta san ko bakinta zai buɗe ba. Na ga yadda ta faɗe shi, na san ba zai buɗe ba.

Ustaz Alaa kuma ba ya son in janye rahoton. Ba mugu ba ne. Ya ce shekara uku suka yi kafin alƙalai su yarda da ma'aunin nan, in muka ce yana kuskure za a koma zamanin da kowa ke yanke hukunci da son ransa. Na ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya ce alƙali ba ya karɓar al'ada da baki, in kawo hujjar da za a iya ƙirgawa. Saura kwana tara. In rahotona ya tsaya yadda yake, yarinyar za ta shekara a gidan reno kafin a sake duba maganar.

Ki gaya mini, Gwaggo, ke da kika ga jiya kika ga yau: ta ina ake gane son da aka hana shi fitowa? Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Rakiya


Alƙahira, 7 ga Nuwamba

Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin tashi lafiya, ya ƙarfin jiki, ya mutanen gida? Amsarki ta iso, har da faɗan da ke cikinta, kuma na karɓa, na ci laifina.

Ban taɓa sanin labarin ƙyandar nan ba. Ashe da na kwanta ina 'yar shekara huɗu, Inna ta baro gidanta ta zo ta zauna a bayan ɗakinki kwana uku, ba ta shiga ba, ba ta kuma ci abinci ba? Kika ce uwar ɗan fari ba a nemanta a gaban gado, a bayan ƙofa ake nemanta. Wannan maganar ce ta ba ni hanya.

Na tafi gidan renon. A littafin baƙi babu sunan Mawada ko sau ɗaya, kuma wannan ma yana cikin abin da aka riƙe a kanta. Sai na fito na tambayi maigadi, wani dattijo mai son hira. Da na kwatanta masa ita, ya ce ai ya san ta. Kullum da hantsi, lokacin da ake fito da yara tsakar gida, wata mata mai lulluɓi ruwan ƙasa tana zuwa ta tsaya a gindin bishiyar da ke tsallaken titi, sai an mayar da su ciki ta tafi. Ya zaci mai bara ce. Mota biyu ake hawa daga unguwarsu zuwa can. Mai gidan renon ta yarda muka duba hotunan kyamarar ƙofa, na zauna na ƙirga. Kwana talatin da bakwai ke ajiye, ta zo a talatin da biyar. Na haɗa da katin rigakafin yarinyar wanda babu allura ɗaya da ta wuce, da rajistar makaranta, da jadawalin yaran nan bakwai da ƙannensu. Na rubuta sabon rahoto, a layin farko na ce na farkon kuskure ne kuma ni na yi shi. Ustaz Alaa ya karanta sau biyu, ya ja dogon numfashi, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa.

Shekaranjiya aka zauna. Ɗaki ne ƙarami, ba irin kotun da kike gani a talabijin ba. Alƙalin ya saurare ni, ya yi mini tambayoyi masu zafi, har ya ce in wanda ya yi lissafi ya yi kuskure jiya, me zai hana ya yi yau. Na ce babu, shi ya sa na kawo masa abin da zai ƙirga da kansa. Aka shigo da Tasneem, siririya, hannunta a naɗe. Ta hango uwarta ta tsaya cak. Mawada ta sunkuyar da kai. Dalia tana ta yi mata alama da ido, amma ina, ko motsi ba ta yi ba.

Sai alƙalin ya ajiye takardu ya tambaye ta kai tsaye, da Larabci, ko tana son 'yarta. Gwaggo, ta yaya za ta amsa? Surukarta tana gefe, ga magatakarda, ga ɗan sanda a bakin ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, mun rasa. Can ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, wake ba ya karɓar ta, yana murɗa mata ciki. Ina hango su kullum da safe shi ake ba su. Ko ba za a ba ni ita ba, a gaya musu."

Alƙalin ya juya ya tambayi mai gidan renon. Ta buɗe fayil ɗinta ta ce lallai yarinyar ta yi ta ciwon ciki, sun kai ta wurin likita sau uku ba a gano dalili ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Daga nan ya yanke cewa a mayar da ita gida a ranar, Dalia ta riƙa leƙa su har wata uku, kaskon turare kuma a fitar da shi daga ɗakin kwana. Ya kuma ce a kawo masa fayilolin sauran yara shidan, su ne aikin da ke gabana yanzu.

Na raka su gida a ƙaramar bas. Da muka fito daga kotu Mawada ce a gaba, yarinyar tana biye da ita a baya. A cikin mota Tasneem ta zauna tsakaninmu. Ba mu kai gadar kogi ba barci ya ɗauke ta, kanta ya gangara ya faɗa kan cinyar uwarta. Mawada tana kallon titi kamar ba ta san an yi ba. A hankali na ga ta jawo gefen lulluɓinta ta rufe hannun da ya ƙone, ta ɗora tafinta a kai. Sai ta lura ina kallo, ta yi sauri ta janye hannun. Ni kuwa na juya fuskata wajen taga, ban sake waiwayowa ba har muka isa Ard al-Liwa.

Ki gaida Inna da Aminat da duk wanda ya tambaye ni. Harun yana miƙa gaisuwarsa. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce 'yarki,
Rakiya