Kaka Ta Ƙi Tuwon Mai Fararen Ɓeraye

Anti Bilkisu, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ina da 'ya, ta fari ce, don haka ki yi haƙuri ba zan kama sunanta ba. Tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Dutse. Ta ce iskar da ake kashe gobara da ita a da tana lalata rufin sama mai kare mu daga cutarwar rana, shi ne aka kawo sababbi, su kuma suke gwadawa ko da guba a ciki kafin mutum ya shaƙa. Da fararen ɓeraye suke gwajin. Wallahi ranar da na gan ta cikin farar rigar aiki, sai da na juya baya na share hawaye. Ni da ko firamare ban gama ba!

To, surukata, wadda ta riƙe ta tun daga yaye, ta ji labarin ɓerayen. Ta ce ita da tuwon hannun da ke shafa ɓera har abada, abin da ke cinye mana gero a rumbu. Da sallah yarinyar ta tuƙa ta kai mata, aka dawo da kwanon a rufe. Yanzu yarinyar ta ce ta daina zuwa gida. Ni kuwa in na buɗe baki na kare ta, a ce ba na kunyar 'yar fari. Yaya zan yi?

Uwa daga Miga

'Yar'uwa, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Saboda irin aikinta ne mai kashe gobara ba zai ƙare a gadon asibiti ba.

Amma kada ki ga laifin tsohuwa. Ɓeran da ta sani ɓarawon hatsi ne mai kawo cuta, kuma ƙyamarsa ta tsare gidanku shekara da shekaru. Ba ta san na Dutse a keji ake haihuwarsu ba, kuma da safar hannu ake taɓa su.

Ki riƙe kunyarki, ba sai kin yi magana ba. Ki sa goggon yarinyar ta kai tsohuwa Dutse, ta ga safar da wankin hannun da idonta. Sauran ki bar wa jika. Tsakaninta da kakarta akwai wasa, abin da ya fi ƙarfin bakinki ita za ta faɗa ana dariya. A kuma gaya mata kada ta yi fushi da wadda ta goya ta.

Sannan ki yanke wannan shafin ki aika wa 'yarki. Kin ɓoye sunanta, amma alfaharinki ya ƙi ɓoyuwa, kuma ina zaton ba ta taɓa jin sa daga bakinki ba. Allah ya daidaita tsakaninku.